Gidan Harsashi Mai Hatimin Tak

Shekara ashirin da bakwai Tak Manbok ya yi yana duba gidajen harsashi a masana'antar Bang da ke gefen birnin Changwon a Koriya ta Kudu, kuma bai taɓa mallakar bindiga ba. Doka ba ta yarda ba, shi ma abin bai taɓa ba shi sha'awa ba. Abin da ya sani kamar yunwar cikinsa shi ne ɗan akwatin ƙarfen nan da ake cusawa a mariƙin ƙaramar bindiga, mai cin harsashi goma sha biyar. Su ba sa ƙera bindiga. Manyan kamfanonin Turai ne ke ƙera ta, su sayar da ita da gidan harsashinta na asali mai tsada. Su Tak kuma su yi irinsa wanda zai shiga daidai, a tura Amurka da Filifin a sayar da sauƙi. A can masu bindiga kallon jabu suke yi wa irin wannan kaya, sai dai na Bang ya daɗe da fita daga wannan zargi. Mai gadi ko ɗan sandan da albashinsa bai kai na asali ba yakan shiga kanti ya ce a ba shi na Bang, ya tafi hankalinsa kwance.

Abin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Jikin ƙarfe ne, da leɓɓa biyu a sama masu riƙe harsashi, da ɗan roba mai turo shi, sai sifirin a ƙasa. Amma Tak yakan ce wa duk sabon ma'aikaci, "Bindiga ba ta da wayo, abin da aka miƙa mata take ci. In mai miƙowa ya yi kasala sai ta cije, kuma ba ta cijewa sai ranar da ake bukatarta."

Saboda haka yake da wata al'ada da kowa a masana'antar ya sani. Duk rukunin da aka gama, sai ya zaɓi ashirin, ya ɗura su dam da harsashin gwaji marasa albarushi, ya kulle a wani kabad na ƙarfe a bayan teburinsa har kwana arba'in. Sabon sifirin kowanne jarumi ne. Wanda aka gasa da kyau a tanderu zai yi kwana arba'in a danne ya miƙe kamar bai sha wuya ba. Wanda aka yi wa gashin gaggawa kuwa zai fito ya rage tsawo, ya sare. Bayan nan ne Tak ke ɗaukar su zuwa filin harbi mai lasisi a Busan, a harba a gabansa, sannan ya dangwala jan hatiminsa a takardar rukunin. In babu wannan hatimi, kwali ba ya fita ƙofa.

Wanda ya ɗaure masa gindi shi ne mai masana'antar, tsoho Bang Dalsu, wanda shi ne sajensa lokacin da suke aikin soja. Shi ya ɗauko Tak daga wani garejin walda, shi ya tsaya masa a aurensa. Tak bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya. In 'yan kasuwa sun matsa a yi sauri, tsohon yakan ce, "Ku je ku roƙi kabad ɗin Manbok, ni ba ruwana."

Wata ranar bazara tsohon ya yanke jiki ya faɗi a bakin injin bugu. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya mutu, magana ma sai da ƙyar. Aka kwantar da shi a gidan jinya, ɗansa Jinuk ya bar aikinsa a Seoul ya dawo ya hau kujera.

Tak ya goya Jinuk a wuya yana ƙarami, kuma har ya girma Kawu yake ce masa. Mako biyu da hawansa kujera ya koma Malam Tak. Ba mugu ba ne, a ganin Tak. Mutum ne mai sauri, wanda ya yi karatu, kuma yana jin tsoron a ce ɗan bai kai uban ba. Abu na farko da ya yi shi ne sallamar tsohon maƙerin da ke yi musu sifirin tun farko, ya ɗauko wani sabon kamfani mai kawowa cikin mako guda. Abu na biyu, ya kira Tak ofis, ya tura masa takardar rukunin da aka gama jiya.

"Malam Tak, an harba waɗannan a Busan da safe. Harbi dubu biyu, ko ɗaya bai cije ba. Sa hatimi."

"Yallaɓai, jiya aka haɗa su. Ba su shiga kabad ba."

"Kabad kuma? Muna ƙarni na nawa ne? Kamfanin sifirin ɗin sun ba mu takardar gwajinsu, ga ta nan, da na'ura suka yi."

"Na gani. Amma takarda ba ta gajiya, ƙarfe ne ke gajiya."

Jinuk ya cire tabarau ya murza idonsa. "Kawu," ya ce, karo na farko cikin makonni. "Masu saye sun ce in ba mu cika alkawari wannan karon ba za su koma wa 'yan Taiwan. Kana so in je gidan jinya in gaya wa Baba cewa ina hawa kujera komai ya watse, kuma kai ne ka tare hanya? Ka san likita ya ce kada a tayar masa da hankali. In hannunka ba zai iya ba, akwai wasu hannayen. Amma na fi so ya zama naka."

Tak ya daɗe yana kallon takardar. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, 'yarsa Sora kuma za ta yi aure da kaka. Sai ya yi wa kansa wata dabara. Jirgin ruwan ba zai tashi ba sai bayan kwana arba'in da biyar. Zai sa hatimi yanzu, ya ɓoye ashirin a kabad kamar kullum. In sun fito lafiya, shi ke nan. In sun sare, akwai kwana biyar da zai hana kayan barin tashar jirgi. Ya ciro hatimin daga aljihu, ya hura masa numfashi, ya dangwala.

Ok Sunrye, matar da ke shugabantar masu haɗa kaya, wadda ta girme shi da shekara biyu kuma ba ta taɓa raga masa ba, ta same shi yana ɗura harsashin gwaji bayan cin abincin rana.

"Tsoho, na ji an ce ka sa hatimi kafin kabad."

"Wa ya gaya miki?"

"Bango. Ka taɓa sifirin ɗin nan kuwa? Ni da nake danna su da yatsa tun safe na ji bambanci. Laushinsu kamar taliyar da ta kwana."

"Ki bar ni, Yaya Sunrye. Na san abin da nake yi."

"To, mai sani. Mu dai namu haɗawa."

A rana ta arba'in ya buɗe kabad. Tun kafin ya ɗauko ma'auni idonsa ya gaya masa. Ya zare sifirin ɗaya bayan ɗaya ya jera a tebur kusa da sabo. Shida cikin ashirin sun gajarce, wasu har sun ɗan karkace. Ya kwashe su a jaka ya kama bas zuwa Busan. A filin harbi huɗu suka cije, wani a harsashi na uku, wani a na ƙarshe. Malamin filin, wanda ya daɗe da saninsa, ya zaro harsashin da ya kafe da kai a ƙasa, ya miƙa masa.

Bai koma gida ba, ofishin Jinuk ya nufa ya zube sifirin ɗin a kan tebur.

"A dakatar da kayan, Yallaɓai. Saura kwana biyar."

Jinuk ya kalli sifirin ɗin, ya kalli taga. "Kayan sun tafi tun mako biyu da suka wuce. An samu gurbi a wani jirgi."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Aikinka ya ƙare ranar da ka sa hatimi, me za a gaya maka?"

"To a kira su. A ce su riƙe, mu aika musu sabon sifirin."

"A kan ashirin da ka ɓoye a kabad ba da izini ba? Malam Tak, waye ke ɗura gidan harsashi ya bar shi kwana arba'in? Mutanen nan filin wasa suke zuwa, su harbe su ɗura sabo."

"Masu wasa ke nan. Mai gadi fa? Shi sau ɗaya yake ɗurawa ya rataya a ƙugu, shekara ma sai ta wuce bai taɓa ba."

"Zan duba," in ji Jinuk, ya share sifirin ɗin da gefen hannu zuwa cikin aljihun tebur.

Bai duba ba. Tak ya sake tayar da maganar sau biyu, a na biyun aka ce masa Yallaɓai yana taro. Ya yi tunanin rubuta wa masu sayen da kansa, sai ya tuna ba ya jin Turanci, ya tuna bikin Sora, ya tuna tsohon da ke kwance. Ya ce bari biki ya wuce. Biki ya wuce, sanyi ya shigo, babu wani labari. Har ma Jinuk ya riƙa liƙa yabon masu saye a allon sanarwa na ɗakin cin abinci. A hankali Tak ya fara gaya wa kansa cewa wataƙila shi ne ya cika tsoro.

Bayan wata tara labarin ya zo, kuma da ƙafarsa ya zo. Wakilin masu sayen kayansu a Cebu ta ƙasar Filifin, wani dattijo mai suna Abellana, ya sauka da tafinta da wata 'yar jakar roba. A ciki akwai gidan harsashi ɗaya, gefensa ya goge saboda daɗewa a ƙugu. Na wani mai gadin kantin magani ne, Nestor Cabahug. 'Yan fashi biyu sun shigo da rana tsaka. Ya harba sau biyu, a na uku bindiga ta cije. Yana kokawa da ita ɗayansu ya harbe shi a baya. Ya rayu, amma ba zai ƙara taka ƙafarsa ba. Lambar da ke jikin gidan harsashin ta kai su ga takardar rukuni, takardar kuma tana ɗauke da jan hatimi guda ɗaya.

Aka ce za a zauna da baƙon washegari da ƙarfe goma. Da yamma Jinuk ya kira Tak, ya miƙa masa wata takarda da aka riga aka buga. A ciki an rubuta cewa shugaban sashen duba kaya ya tsallake gwajin da aka saba yi bisa ganin damarsa, ba tare da sanin shugabanni ba, kuma ya yi alkawarin ba zai yi wa kowa maganar a waje ba.

"Wannan ƙarya ce," in ji Tak.

"Wane layi ne ƙarya? Ka yi gwajin kafin ka sa hatimi?"

"Kai ka sa ni."

"Akwai inda na rubuta haka?" in ji Jinuk. "In aka ce laifin kamfani ne, za a ƙwace lasisi. Mutum sittin ke cin abinci a nan. In aka ce na mutum ɗaya ne, sai a ba da haƙuri a biya diyya a ci gaba. Ba zan tilasta maka ba. Ka je ka tambayi Baba, na riga na gaya masa komai."

Tak ya tafi gidan jinyar kafin a rufe ziyara. Ya sami tsohon a keken guragu a bakin taga, an rufa masa bargo a gwiwa. Ya durƙusa a gabansa ya faɗi komai tun daga farko, har da nasa laifin, bai rage ba. A ransa ya tabbata cewa mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana kare kabad ɗin nan zai buga hannunsa mai lafiya a kan keken ya ce a kira masa yaron.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Yawu na zuba ta gefen bakinsa, Tak ya goge masa da hankici. Sannan tsohon ya kamo hannun Tak ya matse, ya yi ta fama da harshensa kafin kalmomin su fito.

"Manbok. Ɗana ne. Shi kaɗai." Ya huta. "Ka ɗauka."

"Yaya, mutum ya nakasa. Kuma akwai sauran kayan a waje."

"Ka ɗauka," tsohon ya sake cewa, ya juyar da fuskarsa ga taga.

Tak ya tsaya yana jira ko akwai wata kalma a baya. Babu. Ma'aikaciyar jinya ta shigo da tiren abinci ta ce lokaci ya yi.

Matarsa ba ta yi kuka ba da ya gaya mata. Ta ajiye cokali ta ce, "Baban Sora, shekara nawa kana kai wa mutumin nan kwalin tuffa duk bikin kaka? Yau ga tukuicinka." Ya ce mata hatimin dai nasa ne, ba wanda ya kama hannunsa. Ta ce, "Wannan gaskiya ne. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Washegari ya sa baƙar kwat ɗin da ya sa a bikin Sora. A gaban Abellana da tafinta da Jinuk ya karanta takardar kalma bayan kalma, ya sa mata hannu, sannan ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tebur, ya daɗe a haka. Da ya ɗago, baƙon yana kallonsa. Ya yi magana a hankali, tafinta ya fassara.

"Ya ce ya daɗe yana ganin hatiminka a cikin kwalaye. Ya ce shi da bakinsa ya gaya wa Nestor ya sayi wannan, don akwai wani tsoho a Koriya da ba ya barin ko ɗaya ya wuce. Yana tambaya, me ya sa?"

Tak ya ji idon Jinuk a gefen fuskarsa. Amsar tana bakinsa, cikakkiya. Ya haɗiye ta.

"Ka ce masa na yi kasala," ya ce.

Ranar Juma'a ya kwashe kayan teburinsa. Ba a yi masa walimar sallama ba. Sunrye ce kawai ta raka shi har ƙofa, tana zaginsa ƙasa-ƙasa. "Wawan tsoho. Da ka buɗe baki da na tsaya maka shaida." Ya ce mata, "Da kin tsaya, da ke ma kina bayana da kwalinki." Ba ta musa ba.

Da bazara ta zagayo ya samu aikin gadi a wasu gidajen bene a Masan. Aikinsa ɗaga sandar ƙofa, karɓar saƙonni, da rarrabe shara, roba gefe, gwangwani gefe. A nan Sunrye ta same shi wata Lahadi, ta kawo masa kimchi, kabejin nan nasu mai tsami da yaji, a roba, suka zauna a ɗan ɗakin gadin da ko ƙafa ba a iya miƙewa.

"An dawo da tsohon maƙerin sifirin," ta ce. "An kuma sayi sabon kabad mai gilashi da fitila. Kwana arba'in cif. Yallaɓai ya raɗa masa suna da Turanci, an buga a jikin kowane kwali. Har wata jarida ta ɗauki hotonsa a gabansa, wai sabuwar dabarar matashin shugaba."

Tak ya yi murmushi ba tare da ya buɗe baki ba. "Ya yi kyau. Tsofaffin kayan fa? An janye su?"

"Na Amurka an janye, don can lauyoyi ba sa wasa. Mu muka canza musu sifirin, wata biyu muna yi."

"Na Filifin fa?"

Sunrye ta gyara murfin robar kimchi, ko da yake a rufe yake. "An biya iyalin mai gadin. Sauran ba wanda ya tambaya."

Bayan tafiyarta ya kasa zama. Rabin rukunin nan Filifin ya tafi, kuma ya san inda suke: a ƙugun masu gadin bankuna da makarantu da gidajen mai, ɗure dam, sifirin na ƙara sarewa kowace rana. Ya kira Sora ya roƙe ta ta taimaka masa da Turanci. Ta ce, "Baba, ka sa hannu cewa ba za ka yi magana ba. In suka kai ka kotu fa?" Ya ce su kai.

Suka rubuta gajeriyar wasiƙa. Ya faɗi sunansa da aikin da ya yi, ya ba da lambar rukunin, ya ce duk mai ɗauke da irinsa ya cire shi daga bindiga yau, ko ya canza sifirin. Sora ta nemo adireshin kantunan bindiga da kamfanonin gadi a Cebu da Manila da Davao, suka aika wa duk wanda suka samu. Abellana ma sun aika masa, sai saƙon ya dawo, wai ya bar aikin.

Mako uku Tak yana duba wayarsa tsakanin ɗaga sanda da saukewa. Kamfani bai kai shi kotu ba, da alama labarin bai ma kai kunnensu ba. Daga duk waɗanda aka rubuta wa, mutum ɗaya ne ya amsa, wani mai kanti a Davao. Tak ya tura wa Sora, ya tsaya a bakin kwandunan shara yana jiran fassara. Ta kira shi maimakon ta rubuto.

"Me ya ce?"

"Baba, ba wani abu ba ne."

"Karanta mini."

Ta karanta. Mutumin ya gode da wasiƙar. Ya ce nasa na wannan lambar sun ƙare tuntuni, kaya ne masu tafiya sosai. Tunda Malam Tak ɗan gida ne, ko zai iya samo masa ragowar rukunin, in akwai, a farashi mai sauƙi?

Tak ya ce mata ya ji, ta gaida mijinta. Yana mayar da wayar aljihu wata mata daga bene na bakwai ta leƙo ta tagar motarta tana danna ham, tana tambaya ko sai ta kwana a nan kafin a ɗaga mata sanda. Ya ruga ya ɗaga, ya sunkuya ya ba ta haƙuri, motar ta wuce.